Ruwa Ba Ya Duba Satifiket

Kwanan baya muka ratsa ta Bata, can inda Fagge ta haɗa kafaɗa da Sabon Gari, wurin nan da ya gaji sunansa daga kantin takalman Bata. Muka tsaya mu gaisa da wani amininmu mai kanti. Ba mu gama gaisawa ba sai ga ɗansa, wanda ke karatu a Masar, ya zo hutu. Yaro ya durƙusa ya gaishe mu, sa'an nan ya sa hannu aljihu ya zaro wani ɗan kati mai hotonsa, ya miƙo mana yana murmushi. Ya ce, "Baba, ku duba, na ci jarrabawar nutso. Kwana huɗu na yi ina koyo a Bahar Maliya, aka ba ni wannan. In na koma, ni da abokaina za mu je mu shiga wani tsohon jirgin kayan yaƙi da ke kwance ƙarƙashin teku, zurfin mita 30."

Uban ya dube mu ya ce, "Malam, ku ne masu karance-karance. Ni iyakar ruwan da na sani kududdufin unguwarmu, shi ma ya ci yara muna ji muna gani. Yaron nan ya ce takarda ta ba shi izini. In bar shi, ko in hana?"

Muka ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce a bakin kanti, ga rana ga hayaniyar motoci, amma za mu amsa masa a jarida, tun da ya ke ba shi kaɗai ke da irin wannan ɗa ba. Yau 'ya'yanmu na zuwa Masar da Dubai da Malesiya, waɗansu karatu waɗansu fatauci, kuma a duk ƙasashen nan akwai makarantun nutso a bakin teku masu ba da satifiket cikin kwana uku ko huɗu. To, kada mu ja wa mai karatu rai, ga amsarmu tun da fari: kada ya bar shi tukuna. Dalilai kuwa ga su nan tafe.

ABIN DA KATIN YA CE

Bari mu fara bayyana sana'ar, saboda waɗanda ba su taɓa ganinta ba. A shekara ta 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago wata na'ura wadda ke ba mutum damar goya tukunyar iska a bayansa, ya kama bututu a baki, ya nutse ya yi ta numfashi ƙarƙashin ruwa ba tare da wani abu ya haɗa shi da sama ba. Wannan irin nutso shi Turawa ke kira sukuba. Da abin ya yaɗu sai aka kakkafa ƙungiyoyin koyarwa. Wadda ta fi yaɗuwa a cikinsu ita ce PADI, da aka kafa a Amurka a 1966, kuma ƙa'idodinta za mu riƙa kawowa a nan.

Katin da yaron ya nuna mana shi ne matakin farko. A kan koya wa mutum a littafi, a gwada shi a wurin iyo na gini, sa'an nan ya yi nutso 4 a teku malami na biye da shi. Shi ke nan. Ƙungiyar kuwa da kanta ta yanka masa iyaka. Kada ya wuce zurfin mita 18, watau ƙafa 60. Kada ya nutse shi kaɗai ba aboki. Kada ya shiga wurin da wani abu zai rufe shi ta sama, ko kogo ko cikin jirgi. Mai son zuwa mita 30 sai ya sake wani karatu, mai son mita 40 sai ya ƙara wani, mai son shiga cikin jirgi shi ma da nasa dabam. Mita 40 ita ce iyakar masu nutson shaƙatawa gaba ɗaya. Abin da ya wuce nan aikin waɗansu mutane ne dabam, masu goya tukwane da yawa da iska haɗe-haɗe.

Ashe ke nan takardar da yaron ke tinƙaho da ita, ita ce ta fara hana shi, kafin ubansa ya buɗe baki.

Ku tsaya a Bata da la'asar ku dubi yadda motoci da kekuna masu ƙafa uku da masu tura kura ke cakuɗewa. Direban da ya karɓi lasin jiya, lasin ɗinsa na gaske ne, ba jabu ba. Amma wane mai mota ne zai damƙa masa tirela shaƙe da kaya, ya ce ya ratsa nan, ya kama hanyar Ikko cikin dare? Zamanin En'e ma, yaron da ya fito Midil da takardarsa ba a ba shi mabuɗin baitulmali ran da ya kama aiki. Da kwafin wasiƙu ya kan fara. Takarda shaida ce ta cewa an koya maka, hannu kuwa sai an daɗe ana yi ya ke faɗawa.

NAUYIN RUWA

Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, ko da ya ke ba mu jinsa don mun saba. Ruwa ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Ko wace mita 10 da mutum ya nutsa a teku, an aza masa wani nauyi daidai da na dukan iskar da ke kansa a tudu. A mita 10 matsi ya zama ninki 2, a mita 20 ninki 3, a mita 30 ninki 4, a mita 40 ninki 5. Iska kuwa abu ce mai matsuwa. Saboda haka a mita 30 ko wane numfashi guda yana cinye ninki 4 na abin da ya kan ci a sama.

Ga wani lissafi wanda malaman makaranta za su iya ba yara a allo. Tukunya mai cin lita 12, in an ɗura mata iska har ninki 200, tana ɗauke da lita 2,400. Mu ƙaddara mutum na shaƙar lita 20 a minti ɗaya. A tudu za ta kai shi minti 120. A mita 10, minti 60. A mita 30, minti 30 kacal, wannan ma in ya shanye ta ƙarƙaf ne bai rage ta hawowa ba. To, sabon shiga ba ya numfashi irin na tsohon hannu. Zuciyarsa na dukan uku-uku, yana ta fafutuka da hannu da ƙafa. In tsoro ya kama shi numfashinsa ya ninka, minti 30 ya koma 15. A zurfin da bai wuce mita 9 ba, wanda iskarsa ta ƙare yana iya kai kansa sama da numfashi guda, an ma koya masa yadda a ke yi. A mita 30 kuwa, tsakaninsa da sama kamar tsawon bene ne mai hawa 10.

A nan akwai wani tarko na musamman ga 'ya'yanmu da suka tashi suna nutso a rafi da kududdufi. Mai nutson gargajiya a sama ya ke cika ƙirjinsa, ya riƙe numfashi, ya sauka ya hawo da iskar da ya tafi da ita, ba abin da zai sami huhunsa. Mai tukunya kuwa a can ƙasa ya ke cika huhunsa da matsattsiyar iska. In ya riƙe numfashi ya taso, sai iskar ta yi ta kumbura. Wadda aka shaƙa a mita 10 tana ninka biyu kafin a kai sama, wadda aka shaƙa a mita 30 tana ninka huɗu. Huhu ba salka ba ne, yagewa zai yi. Shi ya sa dokar farko ta wannan sana'a ita ce kada a riƙe numfashi ko kaɗan. Amma ran da firgita ta zo, jiki abin da ya saba tun yarinta shi ya ke yi, ya manta da karatun kwana huɗu.

MAYEN ZURFI DA CIWON KUMFA

Kusan kashi 4 cikin 5 na iskar da mu ke shaƙa wata iska ce da a ke kira naitirojin. A tudu shiga ta ke ta fita, ba ruwanta da mu. Ƙarƙashin matsi kuwa tana yin ɓarna iri biyu.

Ta farko maye ne. Daga wajen mita 30 ta kan fara taɓa ƙwaƙwalwa. Wani ya ji wani irin nishaɗi ba dalili, wani tsoro ya lulluɓe shi, wani ya dubi agogon iskarsa, yana ganin allura amma ya kasa gane abin da ta ke nufi. Muguntar abin ita ce, wanda ya bugu bai san ya bugu ba. Maganinsa ba wuya, a ɗan hau sama kaɗan sai kai ya washe. Amma sai wanda ya san alamarsa a jikinsa zai yi haka, sanin kuwa ba ya samuwa sai an kai mutum zurfi kaɗan-kaɗan, malami na kallon idonsa.

Ɓarna ta biyu, iskar nan na narkewa cikin jini da tsoka, gwargwadon zurfi da daɗewa. In an hawo a hankali sai ta fita ta numfashi. In an yi gaggawa sai ta yi kumfa cikin jiki, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe farat ɗaya. In kumfar ta tsaya a gaɓoɓi ta kawo ciwo mai lanƙwasa ƙato, in ta tsaya a lakar gadon baya ƙafafu su shanye, in a ƙwaƙwalwa ko huhu, sai dai wani ba shi ba. Wani Bafaranshe, Paul Bert, shi ya bayyana sanadin wannan ciwo a 1878. A 1908 kuma wani masanin Birtaniya, John Scott Haldane, bayan ya yi ta gwaji da awaki cikin ɗakin ƙarfe, ya tsara wa sojan ruwan Ingila jadawalin hawowa. Jadawalin da PADI ke koyarwa ya ce a mita 18 mutum na iya yin minti 56, a mita 30 minti 20, a mita 40 minti 9 tak. Wanda ya wuce wannan ƙa'ida ba shi da ikon tasowa kai tsaye. Tilas ya yi zango-zango a tsakiyar ruwa yana jiran iskar ta fita daga jikinsa. Zango kuwa na bukatar iska a tukunya, ga shi mun riga mun ga yadda zurfi ke cinye ta.

An ga misalin wannan a nan ƙasarmu. Ran 26 ga Mayu 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a teku gaban Escravos ta Jihar Delta, ya kwanta a zurfin mita 30. Mutum 12 ne a ciki, ɗaya kaɗai ya tsira, watau kukun jirgin, Harrison Okene. Ya sami wani lungu inda iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu kusan awa 60, har masu nutson da aka aiko neman gawa suka iske shi da rai. Duk da haka ba su fito da shi sama nan take ba, don jikinsa ya ƙoshi da naitirojin, fitowar ce za ta kashe shi. Sai suka sa shi cikin ɗakin ƙarfe mai matsi, ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage masa matsin kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka cece shi ƙwararru ne masu aikin ƙarƙashin teku, ana aiko musu da iska ta bututu daga sama, da wayar magana, da shugaba mai ba su umarni. Irin shirin da su ke yi ke nan kafin su shiga jirgi a mita 30, zurfin da yaronmu ke nufin zuwa da tukunya guda. Shi Okene daga baya ya mai da nutso sana'arsa, amma makaranta ya shiga ya koya daga tushe.

CIKIN JIRGI

Duk abin da muka faɗa har yanzu na zurfi ne kaɗai. Yanzu kuma a ƙara jirgi a kai.

Jirgin da yaron ke nufi sunansa Thistlegorm, na Ingila ne. Jiragen saman Jamus suka jefa masa bom ran 6 ga Oktoba 1941, lokacin yaƙin Hitila, yana tsaye a arewacin Bahar Maliya ɗauke da kayan soja. Mutum 9 suka mutu. Cousteau ne ya gano inda ya ke a shekarun 1950. Babura da manyan motoci da bindigogi da takalman soja na nan jibge cikinsa, ga kawunan jirgin ƙasa biyu yashe a gefensa. Ba mu ga laifin mai sha'awar ganinsa ba, abin kallo ne. Amma gindinsa na wajen mita 30, ruwan wurin kuma ya kan yi gudu da ƙarfi. Sai an kama igiya a sauka, a kama ta a hawo. Wanda ya kuskure ta, ruwa ya yi gaba da shi nesa da jirgin da ya kawo shi.

A filin teku, in mai nutso ya shiga uku yana da mafita guda, watau sama. Cikin jirgi an toshe wannan mafita da ƙarfe. Wanda iskarsa ta ƙare sai ya fara neman ƙofa tukuna, kāna ya nemi sama. Neman ƙofar kuwa shi ne aiki. Jirgin da ya daɗe a ruwa ko wane ɗakinsa shimfiɗe ya ke da taɓo mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari. Bugun ƙafa ɗaya na wanda bai iya daidaita jikinsa ba ya isa ya tayar da shi, ɗaki ya turnuƙe, fitila ba ta haska maka ko tafin hannunka. Kumfar numfashi ma na bugun rufi tana zubo da tsatsa. In jirgin a gefe ya kwanta, bango ya zama daɓe, ƙofa ta koma bisa kai, sai mutum ya rasa gabas da yamma. Ga wayoyi na reto, ga tsofaffin tarun masunta, ga ƙarfe mai kaifi da ke yanka bututu.

Saboda haka masu shiga jirgi ke da dokokinsu. Su kan ɗaura igiya daga ƙofa su riƙa warwara, don in ido ya kasa hannu ya fid da su. Su kan riƙe fitila fiye da ɗaya. Su kan raba iskarsu kashi 3, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. A lissafinmu na ɗazu kashi ɗaya lita 800 ne, watau minti 10 a mita 30. Har wa yau, ga masu nutson shaƙatawa an ce kada su wuce inda hasken rana ke kaiwa, kuma in an haɗa zurfi da nisan shiga kada ya wuce mita 40. Ashe wanda ke mita 30, ko yana da satifiket ɗin shiga jirgi, mita 10 kaɗai aka yardar masa. Ko ɗaya cikin waɗannan ba a koya wa mai katin farko.

Akwai wani jirgi a wannan teku da ya kamata mu ambata, don ya shafe mu. A watan Disamba 1991 Salem Express ya taso daga Jidda cike da fasinja, da yawansu masu dawowa daga Umra. Ya bugi dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga cikin dare, ya nutse cikin ɗan lokaci kaɗan. Fiye da mutum 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma ba a iya fito da gawawwakin duka ba. Yana nan kwance a gefensa wajen mita 30, ana kai masu nutso kallo. Ban da haɗari, wannan wuri makabarta ne. Wanda bai iya tsayar da jikinsa cik a tsakiyar ruwa ba, ba abin da zai yi sai tuntuɓe da kayan matattu. Ko don ladabi ya kamata ya dakata.

GWANIN RUWA SHI RUWA KAN CI

Kada a zaci sabon shiga kaɗai jirgi ke ci. A 1991 aka gano wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-869, gaban Jihar New Jersey ta Amurka, zurfin wajen mita 70. A 1992 wani mutum, Chris Rouse, da ɗansa Chrissy, dukansu gwanaye waɗanda suka saba nutso cikin kogunan dutse, suka sauka gare shi. Ɗan ya shiga ciki, wani abu ya faɗo ya danne shi. Kafin uban ya fid da shi lokaci ya ƙure, suka kasa samun tukwanen da suka ajiye don zangon hawowa, suka taso kai tsaye. Ciwon kumfa ya kashe uban a nan wurin, ɗan kuma ya cika a asibiti. Haka nan Andrea Doria, jirgin fasinjan Italiya da ya nutse a 1956 gaban Amurka, ya ci masu nutso fiye da 15, kuma ba a zuwa wurin sai an ƙware. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In waɗanda suka yi nutso ɗaruruwa sun kasa, ina ga mai huɗu?

HUJJAR MASU CEWA A BAR SU

Ba za mu ɓoye ba, masu cewa a bar yara su je suna da tasu hujja, kuma ya kamata a saurare su.

Sun ce da koyo a kan iya, in bai je ba yaushe zai iya? Gaskiya ne. Amma tsani daga ƙasa a ke hawansa. Akwai jirage da yawa da ke kwance a ruwa marar zurfi, waɗanda mai katin farko ke iya zagayawa daga waje, ya more kallo bai karya doka ba.

Sun ce ai akwai jagora. Akwai, amma jagora ɗaya ne da mutane da yawa a bayansa, in taɓo ya tashi shi ma ba ya ganin kowa. Wanda ya rikice a ƙasa kuwa ba kansa kaɗai ya ke jefawa cikin haɗari ba. Ya kan fizge bututun abokinsa, ko ya ja mai cetonsa su taso tare da gudu.

Sun ce dubban mutane na zuwa suna dawowa lafiya. Wannan ma haka ne, yawancinsu lafiya su ke dawowa. Amma dawowa lafiya ran da ba abin da ya ɓaci ba ta nuna gwaninta. Gwani shi ne wanda gilashin fuskarsa ya cika da ruwa a mita 30, ga maye, ga duhu, ya tsaya ya gyara bai firgita ba.

Sun ce to, sai ya ƙara karatu na biyu. Karatu na biyu kwana biyu ne, nutso 5. Mutum na iya haɗa katin farko da na biyu cikin mako guda, a rubuta masa mita 30 alhali nutsonsa duka 9 ne a duniya. Ku gwada wannan da abin da ƙungiyar ke nema ga ma'aikatanta: ba ta ba mutum shaidar jagora sai ya yi nutso 60, ba ta ba shi ta malami sai ya yi 100. Ita kanta ta san kati na taruwa da sauri fiye da gwaninta. A tuna kuma, masu jiragen kai mutane ciniki su ke yi. Na kirki a cikinsu su kan nemi littafin da mutum ke rubuta nutsonsa, su mai da wanda bai isa ba. Wanda ya karɓi kuɗinka bai tambaye ka kome ba, guje shi.

MU DAWO GIDA

Wani zai ce ina ruwan mutanen Kano da wannan, ga teku can kusan kilomita 1,000 daga nan? Da ruwanmu ƙwarai. Muna da madatsar Tiga tun 1974, da ta Challawa tun 1992, da waɗansu da yawa. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ran da irin wannan masifa ta sake aukuwa, Allah ya kiyaye, in a garin akwai saurayi mai kati da tukunya, jama'a za su juyo su ce ai ga mai satifiket. Kunya da tausayi su tura shi.

To, ya sani ruwan madatsa ba Bahar Maliya ba ne. Can ana hangen ƙasa garau, nan kuwa ruwan dagwalo ne, lalube a ke yi. Ƙarƙashinsa akwai itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye, da tsofaffin taru da ƙugiyoyi. Har wa yau jadawalin nan da muka ambata an yi shi ne don wuraren da ba su wuce mita 300 bisa teku ba, Kano kuwa ta haura mita 400, saboda haka sai an yi masa gyara, gyaran ma karatu ne dabam. Shiga ƙarƙashin kifaffen jirgi neman mutane wata sana'a ce mai zaman kanta, ta ƙungiya, da igiya da mai riƙe igiya. Abin da mu ke roƙon hukuma shi ne ta ɗauki samari daga masu kashe gobara da 'ya'yan masunta, ta ba su cikakken horo da kayan aiki, don kada nauyin ya faɗa kan yaro mai karatun kwana huɗu.

Mutanenmu na ruwa sun san wannan tun kaka da kakanni. Wanda ya taɓa zuwa bikin su na Argungu, wanda aka soma tun 1934, ya ga yadda masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa. Ba wanda ya fara ran biki. Ɗan masunci a bakin gaɓa ya ke farawa, yana riƙe wa ubansa gora shekara da shekaru kafin a bar shi ya shiga gurbi mai zurfi, kuma ba mai shiga sai an ba da izini. Ba su da kati, amma suna da tsani.

SHAWARARMU

Ga abin da mu ke ba yaron nan da ire-irensa shawara. Ya tsaya cikin mita 18 ɗinsa, ya yi ta nutso har ya daina ƙirgawa da yatsu, a ruwa iri-iri, har ya iya tsayawa cik a tsakiyar ruwa bai motsa hannu ba, har ya san lita nawa ya ke sha a minti. Ya saba da ɗan zangon nan na minti 3 a mita 5 kafin fitowa. Sa'an nan ya yi karatun zurfi da malami, ya ji yadda maye ke zo masa. Sa'an nan ya koyi ceton kansa da na abokinsa. Bayan wannan ya zagaya jirgi daga waje, kāna ya yi karatun shiga ciki a jirgi marar zurfi. Kada ya haɗa sabon abu biyu a rana ɗaya, zurfi dabam, rufi dabam. Ko ina za shi ya tambaya ina ɗakin matsi na maganin ciwon kumfa ya ke, kuma awa nawa ne tsakaninsu. Kada ya hau jirgin sama sai ya yi awa 12 bayan nutso guda, ko awa 18 in ya yi kwanaki yana yi, don jirgin sama ma na tayar da kumfa. Wannan ya shafi ɗalibanmu masu rige-rigen kamo jirgin gida. Daga ƙarshe, ran da zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ce ya fasa, ko an biya kuɗi, ko abokai za su yi masa dariya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kai kuma amininmu na Bata, kada ka ƙwace masa katin, abin kirki ya koyo, kuma ƙasar nan na bukatar irinsa. Ka ce masa ya karanta iyakar da masu katin suka yanka masa, ya bi ta. Jirgin nan ya fi shekara 80 yana kwance inda ya ke, ba inda za shi. Zai jira shi har ya isa.